Filin Tambaya da Amsa: Maido da Ƙarfin Tsohuwar A-kori-kura da Kuɗi Kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 ta 1988, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma da ita nake ɗaukar masara daga Saminaka zuwa Jos. Tun bara ta fara nauyin jiki. Idan na ɗora mata buhu goma sha biyu, sai na koma giya ta biyu a hawan da a da take haurawa da ta uku, ga shan mai, ga baƙin hayaƙi da zarar na taka totur. Wani bakanike ya ce a faɗaɗa jet ɗin kafireta a kuma yanke salansa, wani ya ce in sauke injin in sayi na hannu. Abin da zan iya kashewa bai wuce naira dubu 150 ba. Da me ya kamata in fara?
Mai karatu daga Saminaka, Jihar Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa abin da ya bari albarka. Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka karɓi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Motar da ta shekara fiye da talatin tana aiki, kuma ka san ta da hawan wannan tudu da giya ta uku, ƙarfinta na asali ya ishe ka. Aikin da ke gabanka shi ne gano inda ƙarfin ya zube a toshe wurin, kuma sau da yawa abin da ke zubar da shi ƙananan abubuwa ne masu arha waɗanda suka taru a hankali har suka zama babba.

Ka fara da awon matsin silinda, wanda bakanikai ke kira kwamfureshan, domin shi ne zai nuna maka ko kuɗinka zai yi amfani ko kuwa zuba ruwa ne a rariya. Ana ɗumama injin, a cire fulogi duka huɗu, a danne totur har ƙasa, a sa ma'aunin a kowane rami ana murza makulli, a rubuta abin da ya nuna. Abin lura a nan shi ne kusancin lambobin huɗu da juna: idan bambancin da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, kuma babu wanda ya faɗi warwas, to cikin injinka yana da sauran rai. Idan ɗaya ya yi ƙasa sosai, a zuba cokali guda na baƙin mai a raminsa a sake awo. In lambar ta tashi, rin ɗin fistin ne ya cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya rufewa da kyau. In kuwa silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, to a zargi gasket. Wannan awo ba ya wuce rabin sa'a, kuma duk bakaniken da ya ce a sauke inji ba tare da ya yi shi ba, kintace kawai yake yi da aljihunka.

Baƙin hayaƙin da ka ambata shaida ce cewa fetur ya yi wa iska yawa, saboda haka faɗaɗa jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, zai ƙara ta'azzara cutar ne. Injin fetur yana buƙatar kusan kashi 15 na iska ga kowane kashi 1 na mai bisa nauyi, wato lita ɗaya ta fetur tana neman iska kimanin lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Duk wannan iska ta filta take bi, kuma wanda ya san ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona ya san cewa filtar ba ta daɗewa take toshewa. Ka cire taka ka ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa ta ba, ka sayi sabuwa. Ina roƙonka kada ka bi masu cire ta gaba ɗaya don mota ta sha iska, domin ƙurar da za ta shiga tana goge rin da bangon silinda kamar yashi, kuma cikin 'yan watanni za ka biya kuɗin sauke injin da kake gudu. Akwai kuma abin da ba laifin motar ba ne: Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ta fi ta ƙasa rashin kauri, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Motar da mai ya riga ya yi mata yawa a Saminaka, abin zai ƙara tsananta ne yayin da take hawa.

Daga nan sai wuta. A wajena nan ne tsofaffin Fijo suka fi asarar ƙarfi, kuma nan ne gyara ya fi arha. Kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta yana yanke ta a cikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, yana ƙonewa, tazararsa tana canzawa, kuma duk lokacin da ta canza, lokacin tashin wuta ma ya gusa. A sa sabon kwantak da kwandensa, a daidaita tazarar a kan milimita 0.40 da ma'aunin ƙarfe na musamman, a sa fulogi sababbi masu tazarar milimita 0.6, a duba wayoyin fulogi da murfin distiributa ko sun tsage. Hanya mai sauƙi ta gane wayar da ta lalace ita ce ka tayar da motar da daddare ka buɗe bonet. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle a jikin wayoyin, wutar da ya kamata ta shiga silinda ce take zubewa a waje. Sannan a saita tamin, wato lokacin tashin wuta, da fitilar saiti, kada a bar shi ga kunnen bakanike kawai. A tabbatar kuma cewa 'yan ƙarafan da ke ƙasan farantin distiributa, waɗanda ke gaggauta wuta idan inji ya ɗauki gudu, ba su daskare da tsatsa ba, kuma 'yar robar da ke jan farantin da zuƙar iska ba ta huje ba. Idan waɗannan biyun suka mutu, mota za ta yi silo lafiya ƙalau a gareji, amma ta kasa kataɓus a hawa, daidai da abin da ka kwatanta. In kuɗi ya ragu, maye gurbin kwantak da na'urar wuta ta lantarki abu ne da nake goyon baya, domin ba ta cinyewa, saitinta kuma ba ya gusawa.

Saitin bawul ma kusan kyauta ne, kuɗin hannu kawai da gasket ɗin murfi. A wannan inji ana yin sa ne yana sanyi, milimita 0.10 ga bawul ɗin shiga, 0.25 ga na fita. Wasu bakanikai suna matse su don injin ya yi shiru mai mota ya ji daɗi, alhali bawul ɗin fita da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, matsi yana tserewa, daga baya kuma ya ƙone.

Sai an gama waɗannan ake taɓa kafireta, domin wanda ya fara da ita yakan saita ta ne don rufe laifin wuta. A wanke ta da fetur da iskar famfo, a canza kayan cikinta, a duba tsayin fulot, wato abin da ke iyo a kan mai yana tsayar da shigarsa, da allurarsa, tunda allurar da ta cinye tana barin mai ya cika ya malala cikin inji. Kada ka yarda a zura waya a ramin jet da sunan wankewa, domin tagulla ce mai laushi, kuma ramin da aka buɗa ba ya komawa. Jet yana da lamba a jikinsa. In an taɓa huda naka, a nemo mai lambar asali a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai wani abu da na gani da idona a wani gareji a Kaduna wanda ba na mantawa da shi. An kawo irin motarka ana shirin sauke injinta, sai wani dattijon bakanike ya sa yaronsa ya danne totur har ƙasa, shi kuma ya leƙa maƙogwaron kafireta da tocila, ya tarar farantin da ke buɗe wa iska hanya bai buɗe ba sai kamar kashi biyu cikin uku, saboda wayar totur ta saki, ga kuma tabarmar roba da ta naɗe a ƙarƙashin feda. Da sifana ɗaya ya gyara abin cikin minti biyar. Ka yi wannan gwajin yau, kafin ka kashe ko sisi.

Yanke salansa ƙara kawai zai ba ka, sai dai idan cikinta ya ruɓe ya toshe, wanda a nan canza ta ake yi. Ka kuma duba abubuwan da ke cinye ƙarfi bayan ya fito daga inji: bayan tafiyar kilomita kaɗan ka kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi burkinta yana kamawa. In kuma inji yana ƙara kuka a hawa amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne yake sulɓi. Tayoyin da suka fi na asali girma suna rage ƙarfin ja, haka ma waɗanda iskarsu ta yi ƙasa. Game da lodi, buhu goma sha biyu masu kilo 100 sun kai tan 1.2, wanda shi ne kusan iyakar abin da aka ƙera ta ta ɗauka tana sabuwa. Rage buhu biyu a ranar hawan Jos zai sauƙaƙa wa inji da kuloci ƙwarai.

Idan awon farko ya nuna rin ya ƙare, har yanzu ban ga dalilin sayen injin hannu da ba ka san tarihinsa ba. Injin 504 yana da silibi masu cirewa, wato ana zare bangon silindar a sa sabo tare da fistin da rin, ba sai an kai bulok ɗin wurin masu huda ba. Wannan aiki zai iya wuce kuɗin da ka ambata, sai ka yi ƙananan gyare-gyaren yanzu, ka tara na babban zuwa bayan kaka.

TAMBAYA: Malam, bakanikena ya cire tamostat daga tsohuwar Hilux ɗina, ya ce ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa. Hakan daidai ne?
Mai karatu daga Gusau, Jihar Zamfara

AMSA: Ba daidai ba ne, ko da yake al'adar ta yaɗu a garejojinmu. An ƙera inji ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 90, kuma tamostat ne ke kai shi wannan zafi da wuri ya riƙe shi a can. In babu shi, injin yakan daɗe da sanyi, musamman da asubar hunturu, fetur ba ya ƙonewa sarai, yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, shan mai ya ƙaru, rin ya yi saurin cinyewa. Idan motar tana zafi, a nemi dalilin a lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfinsa da ya daina riƙe matsi, ko fanbel da ya saki, ko famfon ruwa. Ka sa a wanke lagireton, ka sayi sabon tamostat, kuma kafin a ɗaura shi ka jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai kyau zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe idan ya huce.