Me yasa ba a lissafo jadawalin masana'anta kai tsaye?

Malam ka tambaya me yasa ake amfani da su jenetik algoridim (hanyar lalubo mafita a kwamfuta da ke kwaikwayon gadon halitta) wajen tsara aikin masana'anta. To lissafin ne baya ƙarewa, aiki 10 kawai a inji ɗaya hanyoyin jera su sun kai 3,628,800, balle injina da yawa. Shi yasa ake lalube, a haɗa jadawalai masu kyau su haifi wasu, a watsar da marasa kyau. Kuma buƙatun karo suke, kana son gama oda da wuri kana son rage kuɗin wuta ga ɓata lokacin canza saitin inji. NSGA-II, wani nau'in jenetik algoridim da su masani Kalyanmoy Deb suka fitar a 2002, baya baka amsa ɗaya, zaɓuɓɓuka yake jero maka, manaja ya ɗauki wanda ya dace. Ni dai da shi zan fara.