Tambayoyin Masu Karatu: Ko Zan Iya Ajiye Lissafin Shagona a "Gajimare"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Kwanakin baya aka ƙwace mini waya, ta tafi da lambobin abokan cinikina da hotunan takardun bashi. Ɗana ya ce da na ajiye su a "gajimare" da ban rasa komai ba. Mene ne wannan gajimaren, kuma a hannun wa zan bar sirrin kasuwancina? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya kuma kiyaye gaba.

Gajimare laƙabi ne kawai, domin kayan da aka ajiye a ƙasa suke. Dubban manyan kwamfutoci ne jere a cikin gine-ginen da ake sanyayawa dare da rana, mallakar kamfanoni irin su Google da Microsoft da Apple da Amazon, wanda ya soma bayar da hayar irin wannan ma'ajiya a 2006. Kamar sito ne da ka kama haya: kana tura bayananka ta intanet, su kuma su adana kwafinsu a wuri fiye da ɗaya, ta yadda duk sabuwar wayar da ka shiga da asusunka za ta dawo maka da su. Google yana bai wa kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda saƙonnin Gmail da hotuna da takardu ke rabawa, Apple kuma 5. Ga mai lambobi da hotunan rasit, wannan zai ishe shi na lokaci mai tsawo.

Batun amana kuwa shi ne ya fi damuna. Kamfanonin nan suna kulle bayanai da lissafi mai wuyar warwarewa, saboda haka ɓarawo ba ya wahalar da kansa da fasa sito. Makulli yake nema, makullin kuwa kalmar sirrinka ce. Da yawa daga cikinmu a kasuwar waya ta Farm Centre aka buɗe mana Gmail ranar da muka sayi waya, mai saitin ne ya zaɓi kalmar sirrin, mu kuma muka tafi ba mu ko tambaya ba. Idan haka taka take, Alhaji, ka sauya ta yau, ka zaɓi doguwa wadda ba lambar wayarka ba ce kuma ba sunan ɗanka ba. Sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa turo maka lamba kafin a shiga asusun daga wata na'ura. Wannan lambar kada ka karanta wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Tunda kuma layin waya ake turo ta, ka sa wa layinka lambar kulle, idan waya ta ɓata kuma ka gaggauta rufe shi.

Akwai iyaka ga abin. In babu sabis, babu shiga sito: a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna da dama ta tangarɗe a Najeriya. Haka kuma Google ya sanar cewa yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Don haka ban ce ka jefar da littafin bashinka ba, sai dai gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna mana ƙarshen takarda idan ita kaɗai aka dogara da ita. Kowace Alhamis da yamma, kafin ka rufe shago, ka ɗauki hoton shafukan makon, ka kuma duba da idonka ka tabbatar sun hau asusun.