Tsoffin Fadojin Ailan: Katin Shiga, Mota, da Inda Kuɗinka Zai Yi Daraja

Wata baiwar Allah mai aikin jinya a Dublin ta rubuto cewa ta samu hutun mako guda, tana so ta zaga da yaranta uku su ga tsoffin fadojin karkara. An ce mata ta sayi Heritage Card. Ya dace?

Hajiya, kafin ki ciro kuɗi, fara rubuta wuraren da za ku je. Katin na hukumar OPW ne mai kula da kayan tarihin gwamnati, yana aiki shekara guda, kuma da shi za ki shiga Cashel, Kilkenny, Trim, Cahir da Clonmacnoise. A 'yan shekarun nan Yuro 40 ake sayar wa babba, alhali shiga yawancin wuraren nan bai wuce Yuro 5 zuwa 8 ba. Kenan sai kin je wuri biyar zuwa takwas kafin ki mayar da kuɗinki. Yaran da ba su kai shekara 12 ba kyauta suke shiga, don haka idan naki ƙanana ne, kada ki sayi na iyali. Blarney da Bunratty ba sa cikin katin. Newgrange kuwa, kabarin da aka gina wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya girmi dalar Giza, ko da kati a hannu sai kin kama gurbi ta intanet tun da wuri.

Wani ɗalibi a Cork ya ce rana ɗaya tak yake da ita: Blarney ko Cashel?

Malam, Cashel, ba na ko tantama. Blarney tana kusa da kai, lambunanta kuma suna da kyau ƙwarai. Amma abin da ke jan mutane can shi ne dutsen da ake sumbata wai don a samu fasahar magana. Za ka bi dogon layi a matsattsen matakala mai murɗewa, ka kai can ƙoli, ka kwanta rigingine wani ya riƙe ka, ka sa baki inda dubban mutane suka sa nasu. Da rani za ka daɗe a layin nan.

Cashel daban ce. Tun daga nesa, a tsakiyar filayen kiwo na Tipperary, za ka hango tsauni ɗauke da gine-gine masu launin toka. Nan ne mazaunin sarakunan Munster, lardin kudancin Ailan, har zuwa 1101 da aka miƙa shi ga coci. Akwai doguwar hasumiya mai zagaye da ta kai mita 28, da ɗakin ibada na Sarki Cormac da aka buɗe a 1134, wanda har yau ake ganin ragowar zanen fenti a bangonsa. Shiga wannan ɗakin sai da ɗan rakiya, kuma ya cancanci jira. Idan ka gama, Cahir ba nisa: fada ce a kan tsibirin dutse cikin kogin Suir, ganuwarta a tsaye, ƙofar ƙarfenta da ake saukewa daga sama tana nan. Ka tafi da rigar ruwa, don iskar kan tsaunin ba ta wasa, lema kuma ba ta jure mata.

Wani mai shirin zuwa daga Kano ya tambaya ko ya yi hayar mota, kuma ko bizar Ingila da ke hannunsa za ta wadatar.

Alhaji, ba za ta wadatar ba. Jamhuriyar Ailan tana da bizarta daban, ba ta cikin Schengen, kuma kuɗinta Yuro ne. Bizar Ingila Arewacin Ailan kaɗai za ta kai ka. Game da mota, ta hannun hagu suke tuƙi, hanyoyin ƙauye kuma matsattsu ne, ga katangar dutse ko shinge dama da hagu. Ɗauki ƙarama mai giya otomatik ko da ta fi tsada, ka kuma biya cikakkiyar inshora. In tuƙin bai kwanta maka ba, jirgin ƙasa daga tashar Heuston da ke Dublin zai kai ka Kilkenny cikin kusan awa ɗaya da rabi. Ka yi guzuri, domin naman halal yana wuya a ƙauyuka, sai dai kifi. A watan Yuni kuma magariba tana kai wa wajen ƙarfe goma na dare.