Me ya haɗa mai shanu da cutar alade?

Wai kake tambayata, "Maigida, mu da ko kallon alade ba ma yi, don me ka hana ni ɗaukar motar da ta sauke aladu, alhali ta fi araha?" Kai yaro, zauna. Araha ce ta ci mini bijimai uku.

Wata shekara, gab da Babbar Sallah, na sauke shanu daga Potiskum, wuri ya cushe a Oko-Oba, kasuwar shanu da mayanka ta Legas. Wani mutum ya ce yana da fili a bayan gari, wajen iyakar jihar Ogun, rabin kuɗi. Na tambaye shi ko akwai aladu kusa. Ya dafa ƙirji ya rantse. Ashe garkensu na bayan katanga, kwatarsu tana malalowa inda shanuna ke kwana, ɓeraye kuma suna kai da komo tsakanin dusarsu da tawa.

Ba a yi mako ba farin bijimina ya fara goga kafaɗa a jikin turke. Na ce kaska ce. Kafin gari ya waye ya saɓule fatar wurin, yana lasa, yana cizon kansa, miyau na zuba. Washegari ya faɗi. Biyu suka bi shi. Na zata haukan kare ne, sai likitan dabbobi ya leƙa bayan katanga ya girgiza kai. Ya ce alamun duk na cutar Aujeszky ne, sunan likitan ƙasar Hangari da ya bayyana ta a 1902. Ƙwayar bairas ce ta dangin hafis (herpes). Babban alade yakan warke ya ci gaba da ɗauke da ita a jijiya, wahalar tafiya ta tayar da ita, ya yaɗa ta majina da miyau. Idan ta shiga sa, ko tunkiya, ko akuya, babu magani, kwana biyu zuwa uku ne. Kare ma in ya ci ɗanyen naman, ya tafi. Sauƙinta ɗaya, sa ba ya cika shafa wa ɗan'uwansa sa.

Kada ka haɗa ta da zazzaɓin aladun da ya yi ɓarna a Oke-Aro, babbar gonar aladu da ke gefen Legas, a 2020. Wancan a kan alade yake tsayawa.

Yadda ake wanke mota da feshin magani kuwa, ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara biyu a kara bai sani ba, ya koma tallan goro. Ku 'yan yanzu ido na kan waya, direba ya ce "na wanke" ku ce to. Mu hawa muke yi mu sunsuna katakon.

Mutumin nan da na koma masa, cewa ya yi ai ba nasa ba ne aladun, na ƙaninsa ne. Har kuɗin kwanakin da suka rage ya nema. Ko sisi bai biya ni ba, kuma har yau yana gaishe ni a kasuwa.

Tashi ka sallami direban nan, ka nemo wata motar.