Me ya sa kiɗan tsoffin wasannin bidiyo ya canza a kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun ina yaro nake son wasannin nan na na'urar da ake jonawa da talabijin, mai kaset rawaya, kuma yanzu da nake ɗan haɗa kiɗa sai na koma ina sauraron kiɗansu ta manhajar da ke kwaikwayon tsoffin na'urori. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kiɗan ya fi wanda na sani sauri, kuma na tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64 da nake ji a wurare daban-daban ba ya fita iri ɗaya. Kunnena ne ke yaudarata, ko akwai dalili? Shin sai na sayi ainihin na'urar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Tushen abin da ka lura da shi shi ne, babu kiɗan da aka ɗauka aka ajiye a cikin waɗannan wasanni, domin babu wurin ajiye shi. Faifan CD yana cin bayit (ma'aunin girman bayanai) 176,400 a kowace daƙiƙa, alhali Commodore 64 da ta fito a 1982 kilobayit 64 ne duka ƙwaƙwalwarta, wato ko rabin daƙiƙa na irin wannan sauti ba za ta ɗauka ba. Saboda haka abin da mai tsara kiɗan yake rubutawa umarni ne kawai: wannan murya ta hau nan, ta tsaya tsawon kaza, ta sauka. Wani ɗan guntun lantarki, irin wanda masu gyara ke kira aisi, shi ke bin umarnin yana kaɗa kiɗan nan take duk lokacin da aka kunna wasan. Idan makaɗin ya canza, dole kiɗan ya canza.

Batun sauri yana da alaƙa da talabijin. Na'urar Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 kafin ta shiga Amurka da sunan NES a 1985, an gina ta ne a kan tsarin talabijin mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma da wannan bugun ne wasa yake ƙirga lokacin kiɗansa. Mu kuwa a Nijeriya, kamar yawancin Turai, tsarinmu sau 50 ne. Na'urori masu kaset rawaya da suka cika kasuwanninmu kwaikwayon Famicom ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kera domin ƙasashe irin namu suna tafiyar da wasannin Japan a kan 50, sai komai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, har da kiɗan. Manhajarka tana bin 60, wato saurin da mawallafin ya nufa. Idan na yarintarka kake marmari, ka duba saitin yanki a manhajar ka mayar da shi tsarin 50.

Muryoyi biyar kacal Famicom take da su, kuma kowace, kamar sarewa, sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda: biyu masu kaifi na jan waƙa, ɗaya mai taushi da aka fi ba aikin amon ƙasa, ɗaya mai “shuu” da ake yanka ta gajeru ta zama ganga, sai ta biyar mai kunna ɗan guntun sautin da aka ɗauka. Ka kunna Super Mario Bros., wanda Koji Kondo ya yi wa kiɗa a 1985, ka sa kunne sosai lokacin da ɗan wasan ya yi tsalle. Za ka ji ɗaya daga cikin muryoyin kiɗan ta ɓace na ɗan lokaci, domin ƙarar tsallen ta ara ta.

Na Commodore 64 ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne ni kaina na fi daɗewa. Aisin sautinta, SID, wanda injiniya Bob Yannes ya tsara, muryoyi uku gare shi, amma yana da matatar sauti da ke iya dushe murya ko ta ƙara mata kaifi, kuma wannan matata ba ta fita daidai wa daida daga masana'anta. A samfurin farko mai lamba 6581, na'urori biyu da aka saya rana ɗaya suna iya kaɗa waƙa guda, ɗaya ta fito tangaran, ɗaya kamar an rufe lasifika da bargo. Akwai kuma wani aibi a cikinsa: duk sanda aka canza ƙarfin sauti sai ya yi ɗan “ƙas”, kuma masu tsara kiɗan wasanni irin su Martin Galway suka riƙa jera wannan ƙas ɗin da sauri har ya zama ganga, tamkar murya ta huɗu. Da aka fito da samfurin 8580 aka gyara aibin, sai waɗancan ganguna suka kusa ɓacewa. Don haka duk kiɗan da ka ji, ka fara tambaya da wane samfuri aka kaɗa shi. Manhajar VICE, mai kwaikwayon Commodore 64, tana ba ka damar zaɓar ko wanne daga cikin biyun, kuma taskar High Voltage SID Collection, mai kiɗa sama da 50,000, tana nuna samfurin da aka nufa a yawancin fayilolinta.

Wata dabara da za ta amfane ka a haɗa kiɗanka ita ce ta Rob Hubbard, mai tsara kiɗan wasannin Commodore 64, da takwarorinsa: tun da murya ɗaya ba ta iya riƙe sautuka uku tare, sai su sa ta yi ta sauyawa daga wannan sauti zuwa wancan sau 50 a daƙiƙa, har kunne ya ji su a dunƙule da wata 'yar karkarwa. Wannan karkarwar ce mutane da yawa suke gane tsohon kiɗan wasa da ita.

Game da saye, ban ga ya zama dole ba, domin manhaja ta isa mai koyo. Idan sha'awa ta rinjaye ka, ka tabbatar na'urar ta wutar bolt 220 ce, ko kuma ka tanadi taransifoma, kuma kada ka jona Commodore 64 da tsohuwar adaftarta sai an auna ta, domin idan ta tsufa takan tura fiye da bolt 5 ɗin da ake buƙata ta ƙone ƙwaƙwalwar na'urar.