Wai da gaske akwai duniyar da tauraronta ya kasa haɗiyewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah ina neman ƙarin bayani, na ji ana cewa tauraro idan ya tsufa kumbura yake yi ya yi jawur har ya haɗiye duniyoyin da ke zagaya shi, sai kuma na ji wai an ga wata ƙatuwar duniya da ya kamata a ce an cinye ta tuntuni amma tana nan daram. Ya abin yake? Kuma ranarmu ma haka za ta yi? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, gaskiya tambayar nan ta min daɗi sosai. Eh da gaske ne, duniyar sunanta Halla, tauraron kuma Baekdu, sunayen wasu manyan duwatsu ne guda biyu na Koriya, don masanan Koriya ta Kudu ne suka gano ta a 2015. Tana can nesa da mu sama da tafiyar haske ta shekara 500, ta fi Mushtari nauyi, kin ga kuwa Mushtari ita ce babba a duk duniyoyin da ke zagaya ranarmu.

To bari mu fara da kumburin. Tauraro irin rana makamashinsa iskar haidirojin ce, yana narka ta a can cikin cikinsa tana komawa hiliyam, daga nan haske da zafi ke fitowa. Ranar da haidirojin ɗin tsakiya ta ƙare sai tsakiyar ta tsuke ta ƙara zafi, shi kuma jikin na waje ya yi ta buɗewa yana buɗewa har ya ninka girmansa sau ɗari ko fiye, kuma da yake zafin ya bazu a kan fili mai faɗi sai saman ya ɗan huce, launin ya koma ja. Bayan nan idan ya fara ƙona hiliyam ɗin sai ya sake motsewa.

Nan ne fa abin mamakin yake. A 2023 wani masani Marc Hon na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka yi amfani da na'urar hangen taurari TESS ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka auna yadda Baekdu ke ɗan girgiza, irin yadda ake ƙwanƙwasa abu a gane abin da ke cikinsa, sai suka ga ai hiliyam yake ƙonawa, wato ya riga ya gama babban kumburin nan ya dawo. A lissafi da ya kumbura har kusan kashi 70 cikin 100 na nisan da ke tsakaninmu da rana, ita kuwa Halla nisanta da shi bai kai rabin nisanmu da rana ba, kwana 93 kacal take zagaye shi. Kenan da tana cikin wutar tsundum, amma ga ta nan.

Masanan sun kawo bayani biyu. Ko dai da taurari biyu ne a wurin suka haɗe suka zama ɗaya, haɗewar ta hana shi kumburin da zai kai gare ta, ko kuma ita Halla sabuwar haihuwa ce da ta dunƙule daga ƙura da iskar da haɗewar ta watsar. Ni dai na fi karkata ga na farkon, don ya fi sauƙin zama a hankali, duk da na biyun ya fi taɓa min zuciya, a ce duniya ta samu daga tarkacen taurari.

Maganar ranarmu kuma, eh hanyar kenan da ikon Allah, amma sai nan da shekara wajen biliyan 5, yanzu tana da kusan biliyan 4.6. Duniyoyi biyun da suka fi mu kusa da ita za ta haɗiye su, tamu kuwa tana bakin iyaka ne, masana har yau suna ta lissafi a kai. Kuma ita rana ba ta da wata abokiyar tauraruwa da za su haɗe kamar yadda ake zaton ya faru da Baekdu.