Me ake gani ne a tsofaffin finafinan nan baƙi da fari?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Akwai wani abokina da ya ishe ni da maganar tsofaffin finafinan Amurka na ban tsoro da na masu laifi da masu bincike, irin baƙi da farin nan na da can, wai na yanzu ko ƙafarsu ba su kama ba. Na sauke guda biyu a waya na gwada ranar Asabar da rana, wallahi ko minti ashirin ban kai ba na kashe, hoton duk duhu, dodon ma ba a nuna shi, mutane sai surutu. Ni ne ban iya kallo ba ko dai abokin nawa burga ce kawai? In akwai wanda ya dace in fara da shi a taimaka.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ba burga yake ba, duk da dai masu son irin waɗannan finafinai muna da zaƙewa, na yarda. Amma da ka ce da rana ka kalla kuma a waya, nan na gano inda matsalar take, domin duhun nan da ka yi ƙorafi a kai shi ne jarin fim ɗin gaba ɗaya, kai kuma ka kai shi tsakar rana.

Bari in fara da inda duhun ya samo asali, talauci ne tsagwaronsa. A shekarun 1930 da tattalin arzikin Amurka ya karye, gidajen sinima suka koma sayar da tikiti ɗaya a kalli fim biyu, babba mai manyan jarumai, sai ƙarami na cike gurbi da ake kira fim ɗin B. Akwai ƙananan kamfanoni irinsu Monogram da PRC da aikinsu kenan, har ana musu laƙabi da layin talakawa. To darakta ya samu kansa ba kuɗin gina katafaren falo, ba kuɗin tara ɗaruruwan mutane, ba kuɗin ɗinka dodon kirki, me zai yi? Sai ya kashe fitilu ya bar guda ɗaya, ya turo hayaƙi, abin da ba shi da kuɗin ginawa ya bar shi a cikin inuwa. Aka kuma yi dace a lokacin akwai daraktoci da masu kyamara da suka zo daga Jamus da Ostiriya, wasu gudun Hitler suka yi bayan 1933, su kuma dama can wasa da haske da inuwa shi suka tashi a ciki.

Wanda na fi so in ba da misali da shi Val Lewton ne. A 1942 kamfanin RKO ya ɗora shi kan sashen finafinan ban tsoro da sharaɗi uku: kuɗi kada ya wuce dala 150,000, tsayi kada ya wuce minti 75, sunan fim kuma su za su ba shi, shi ya nemo labarin da zai shiga cikin sunan. Na farko da suka ba shi Cat People, Jacques Tourneur ya ba da umarni, labarin wata mata ce 'yar ƙasar Sabiya da ke Turai da ta yi imanin in kishi ko sha'awa ya motsa ta za ta rikiɗe ta zama baƙar damisa. Akwai wani waje da wata mace take tafiya ita kaɗai da daddare, ba kiɗa ba komai, sai ƙwas ƙwas ɗin takalminta da na wadda ke binta a baya, daga gindin wannan fitilar titi ta faɗa duhu ta ɓullo a gindin waccan, can sai takun bayan ya ɗauke ɗif, ta waiga ba kowa, ta ƙara sauri, kai mai kallo ka riga ka riƙe numfashi kana jiran damisa, sai ka ji wani huci mai ƙarfi, ashe birkin bas ce ta tsaya a gabanta. Har yau masu harkar fim in za su ambaci wannan dabara ta firgita mutum da abin da ba komai ba, bas ɗin Lewton suke cewa. Yanzu ka ɗauki wannan ka sa a waya da rana, yara na ihu, saƙon WhatsApp na shigowa, ai mace ce kawai ke tafiya a titi. Kamar tatsuniyar dodo ce, ba wanda ya taɓa zana mana shi muna yara amma kowa da irin nasa a kai, kuma da dare ake yinta.

Su kuma na masu laifin, sunan da aka san su da shi fim nuwar, Faransanci ne, ma'ana baƙin fim. Wani mai sharhi a Faransa, Nino Frank, ya yi amfani da kalmar a 1946 lokacin da finafinan Amurka da yaƙi ya tare suka fara isa Faris, masu yinsu ma ba su san suna yin wani salo mai suna ba. Surutun da ya dame ka a nan shi ne faɗan, da baki ake dambe, don haka ka nemi mai rubutun fassara a ƙasa saboda Turancin nasu da sauri kuma cike da tsohon yaren titi. Ka gwada Detour na 1945, aikin Edgar Ulmer a PRC, bai kai minti 70 ba. Wani makaɗin fiyano ne ke neman lif daga New York zuwa Los Angeles wajen budurwarsa, wanda ya ɗauke shi ya mutu a hanya, tsoro ya sa ya ɗauki motar da takardun mamacin ya ci gaba, sai ya tsaya ya rage wa wata mata hanya, ashe ta san mai motar na gaskiya. Titin New York a fim ɗin hazo ne kawai da allon sunan titi, amma Ann Savage da ta fito a matsayin matar, kallon da take masa ta gefen ido ya fi dodanni goma. Kuma in ka ga duk mai laifi sai ya gamu da sakayya a ƙarshe ko da an tusa ta da ƙarfi, dokar tace finafinai ce ta Hays da aka tsananta daga 1934, ita ta hana a nuna laifi ya ci riba.

Ba duka ne na kirki ba fa, kar abokinka ya ruɗe ka. Da yawa shirme ne, za ka ga zaren da ya rataye jirgin baƙin halittu na wata duniya, ka ga dutsen kabari na kwali yana rawa an taɓa shi, irin Plan 9 from Outer Space na Ed Wood, wannan don dariya ake kallo da abokai, kuma dariyar halas ce. Wataƙila ma irinsu ka sauke tunda ba ka faɗi sunayen ba.

Wani abin daɗi, da yawansu haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kyauta suke a shafin intanet na Internet Archive da YouTube ba sata ba. Night of the Living Dead na George Romero, 1968, da aka yi a kusa da Pittsburgh da kusan dala 114,000, dalilinsa ma abin dariya ne, masu rarrabawa suka canza masa suna suka manta ba su sa alamar haƙƙin mallaka a sabon allon sunan ba, shi kenan ya zama na kowa. Jinin da ke ciki ruwan cakulan ne, a baƙi da fari wa zai gane. Jarumin kuma baƙar fata ne, Duane Jones, abin da ba kasafai ake gani ba a Amurkan wancan lokaci. Sai dai akwai cin naman mutane a ciki, kar ka kunna gaban yara.

Matsalar kyautar ita ce kowa na ɗora nasa kwafin, wasu sun dushe kamar an wanke su da omo, wasu an shafa musu kala da kwamfuta, ka guje wa masu kalar nan don sun kashe inuwar da aka gina komai a kanta. Ka nemi wanda aka gyara, kar ka ja hoton ya cika fuskar waya ko talabijin, dama kusan murabba'i aka ɗauke shi, baƙin da ke gefe da gefe daidai ne. Bayan isha'i, kashe fitila, sa abin kunne, in da laftof ko talabijin ya fi, in waya ce kawai to kashe data bayan ka sauke.

Ka fara da Detour tunda gajere ne, washegari Cat People, shi wannan har yanzu yana da masu shi don haka sai ka ɗan nema, sannan D.O.A. na 1950, wanda ya buɗe da mutum ya shiga ofishin 'yan sanda ya ce ya zo kai rahoton kisan kai, aka tambaye shi wa aka kashe, ya ce shi.